Hannun da Bai Ji Labari Ba

A tashar bas ta birnin Penang, Zuraida, ma'aikaciyar sabuwar masana'antar manyan kwamfutoci, tana kallon wata tsohuwa mai ƙanƙance ido ɗaya. Rigarta koɗaɗɗiya ce, ta kamfanin da su Zuraida suka ƙwace wa kasuwa.

Wayar Zuraida ta faɗi. Sai da tsohuwar ta taɓa ƙarfen benci, yadda masu haɗa ƙwaƙwalwar kwamfuta ke yi kada lantarkin jiki ya ƙona ta, sannan ta ɗauko wayar, tana riƙe da gefe-gefenta kawai.

"Inna, aikin haɗi kika yi?"

"Shekara ashirin da shida, 'yar nan. Lokacin duk duniya kayanmu ake rububi." Ta dubi yatsunta. "Kamfani ya rufe, amma ba wanda ya gaya wa hannun nan."