Alamar Baba a Kan Farin Ƙarfe

Ni maƙeri ne a Bagudo, ban yi boko mai nisa ba. Abin da na sani shi ne sifirin ɗin tsohuwar mota: in yanko shi, in gasa, in buga, in tsoma shi a baƙin mai ya yi tauri. Wuƙar da ta fito daga nan baƙa ce. In ka bar ta da jini ko ruwan lemon tsami, kafin la'asar ta yi tsatsa. Sai ka goge ta, ka shafa mata man gyaɗa, ka mayar kube. Amma tana riƙe kaifi, in kuma ta dakushe, jan dutse kaɗan ya ishe ta.

Marigayi Baba yana da alama, ɗigo uku a gindin wuƙa kusa da ƙota. Ba ya barin ƙarfe ya fita maƙerarsa sai da ita, don in abu ya ɓaci a san ƙofar da za a buga. Mahauta daga Zagga har Bahindi sun san ɗigon nan. Ba sa gwadawa, ɗauka kawai suke yi.

Ƙanena bai zauna maƙera ba. Babur ya kama, yana kai kaya Tsamiya ya ƙetara Benin ya dawo. Da matarsa ta haifi ɗansu na fari, saura kwana biyar suna, sai ga shi da wani falalen farin ƙarfe, irin wanda ake ce wa silba, yana sheƙi. Wai a wurin masu gwangwan na ƙetare ya samo.

"Yaya, da wanga za ka ƙera min wuƙar yankan ragon suna. Na gaji da baƙaƙen wuƙaƙenku masu kama da gindin tukunya."

Na ɗora magagari a kai na ja. Ya ci shi kamar sabulu. Na ce masa wannan ƙarfen tebur ne ko na tukunyar asibiti, ba ya ɗaukar tauri. Akwai silba mai kyau, na sha ganinta hannun masu kifi a bakin gulbi, ba ta tsatsa ko ta wuni cikin ruwa. Amma waccan a kamfani ake gasa ta, da wutar da ake aunawa. Ni gawayin ƙirya gare ni da zuga-zugi.

Ya yi dariya, ga mutane zaune a rumfa. "Ka dai ce ba ka iya ba, tsoho. Maƙeran ƙetare ba su da kai biyu."

Abin da ya ci ni ke nan. Da na yi shiru na miƙa masa kayansa, da ban zauna ina rubuta wannan ba. Na buga masa ita, wuni guda cur, ƙarfen yana gardama a ƙarƙashin masaba. Na tsoma a mai, na sake jan magagari, ya ci kamar ɗazu. Na wasa ta dai har ta aske gashin hannu, na sa mata ƙotar ƙaho. Ta yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba.

Ya juya ta ya ce, "Ina alamar?"

Na ce ba zan sa ba.

"Baba naka ne kai kaɗai? Jikansa za a yanka wa rago, ka hana shi ɗigon kakansa?"

Na buga ɗigo uku. Da hannuna na buga, ba wanda ya riƙe ni. Na ce masa kada ta taɓa komai kafin ranar, ko igiya, don kaifinta na yanka ɗaya ne. Daga baya na ji kwana uku yana tashar babura yana nuna ta, yana yanka roba da kwali, har rake ya fere wa abokai.

Ranar suna da safe aka yi addu'a, aka raba goro, aka kayar da ragon ya fuskanci gabas. Ƙanena ya zaro wuƙar a hankali don kowa ya gani, ya miƙa wa limamin unguwarmu. Malam ya dubi gindinta, ya ga ɗigon, bai ko taɓa bakinta da farce ba. Ya yi bisimilla ya ja.

Gashin wuyan ragon kawai ta kwantar. Ya ja na biyu, fata ta ɗan tsage, ragon ya yi wani irin kuka yana shure masu riƙe shi. Ni dama ban yarda da ita ba, tawa baƙar tana ƙugu a ƙarƙashin riga. Na zare na sa wa Malam a hannu. Ja ɗaya, aka gama.

Malam ya miƙe yana huci, ya ɗaga farar sama. "Maƙeri, wannan ba alamar gidanku ba ce? An hana mu azabtar da dabba. Mahaifinka bai taɓa ba ni kunya irin wagga ba."

Na ce, "Allah gafarta Malam, tamu ce." Me zan ce? Na waiwaya ina jiran ƙanena ya buɗe baki ya ce shi ya kawo ƙarfen, shi ya matsa, shi ya fere rake da ita. Yana can ya duƙufa yana kwance igiyar ƙafar rago, kamar duniya ba wani aiki sai wannan. Har yau bai faɗa ba. In an tayar da zancen sai ya ce ai shi ba maƙeri ba ne, abin da aka ba shi ya karɓa.

Ban tsaya cin nama ba. Na ɗauke wuƙar na tafi maƙera, na goge ɗigon nan uku da magagari har wurin ya yi rami, na aika wa mai jego. Da ita take yanka kuɓewa har yanzu, kuma gaskiya ne, ba ta taɓa tsatsa ba.

Bayan sati biyu wani mahauci daga Zagga, wanda tun zamanin Baba yake saye a wurinmu, ya zo ɗaukar wuƙa. Na miƙa masa baƙa, ta sifirin, irin wadda ya saba. Ya dubi ɗigon, ya dube ni. Sannan ya ɗora bakinta a kan farcensa ya gwada.