Geron Mancang a Tsakanin Magarya

Qiao Mancang ya shekara arba'in yana noman gero a kan tudun da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya hau. A ƙauyukan Yan'an an san shi da abu biyu, taurin kai da iya riƙon fartanya.

Shekarar da gwamnati ta ce a bar noman gangare a dasa itatuwa, ita kuma ta riƙa ba da hatsi a madadi, an tara manoma a ji ra'ayinsu. Wasu suka ce kuɗi suke so, wasu suka ce a tsawaita shekarun tallafin. Mancang ya ce shi a ba shi magarya, kuma a bar shi ya shuka gero a tsakani.

"Kai Baba! Daji ake so, ba gona ba," in ji jami'in gandun daji.

"Yaro, wa zai hau tudun nan don ya gaida itace? In ba abin ci a can, ba mai zuwa."

Aka yi dariya, aka ba shi magaryar, aka hana geron. Wanda aka kama kuwa, tallafinsa ya tafi.

Mancang dai ya shuka abinsa, layi bibbiyu. Matarsa Cuiying ta yi mita har ta gaji. "Tsohon nan, in suka yanke mana hatsi, kai zan dafa?" Shi ma fa yana jin tsoro, don tallafin nan ne abincinsu na shekara. Amma kullum yana can yana nome geron, dashen magaryar na samun rabonsa na noman, yana toshe ramukan ɓeraye.

Da kaka jami'in ya zo ƙidayar dashen da ya rayu. A gonakin maƙwabta ciyawa ta shaƙe rabi. A ta Mancang kuwa ga magarya shar, ga gero ya sunkuyar da kai, babu wajen ɓoyewa. Jami'in ya nuna geron.

"Baba, wannan fa?"

"Ciyawa ce, ta fi ƙarfina."

"Ciyawa a layi?"

"Mai ladabi ce."

Jami'in ya danne dariya, ya rubuta cewa dashe ya rayu. Sannan ya rage murya. "Mahaifina ma rabin nasa ya mutu. Taku nawa kake bari tsakanin gero da itace?"

Daɗi ya kama Mancang, baki har kunne. Ya jefar da fartanya, ya ja hannun jami'in. "Zo ka auna da ƙafarka."