Baba Iro da Masu Fiffike

Duk wanda ya zauna a layinmu na Tudun Wada ya san Baba Iro gida biyu ya raba duniya: masu fiffike da marasa shi. Ɗansa Nura ne ya jawo mana, lokacin yana karatu a jami'a, nan Kongo. Ya gaya masa wai Turawa da kalma guda suke siffanta duk mai fiffike, tsuntsu ne, jirgin sama ne, ko ƙuda. Baba ya ce, "Ashe su ma sun gano!"

Ni dillalin kaji da tattabaru ne, a hannuna yake saye. Kowa ya san in ka sayi tattabara sai ka fige mata gashin fiffike, kafin ya tsiro ta saba da gidanka. Baba ya ƙi.

"Baba, za su gudu fa."

"Kai Sabo, in na fige ka, za ka so ni?"

Washegari tattabarun da ya saya suka koma gidansu na farko a unguwar Hanwa. Ya hau acaɓa ya ɗauko su, suka sake komawa. Har ɗan acaɓar ya daina tambayarsa ina za shi!

Sauro ma ba ya yarda a kunna masa magani. Matarsa Inna Ladi tana kashewa da tafi, yana cewa, "A hankali, Ladi, baƙo ne!"

"Baƙon da ke cin mai gida?"

Muna ta dariya har shekarar da Nura ya ɗaura niyyar bin hanyar Agadas, wai zai tsallaka teku. Na ce, "Baba, ka hana shi. Hanyar nan cin mutane take yi."

"In fige shi? Mai fiffike ne, ya san gida."

Wayar Nura ta yi 'yan watanni tana shiga, sannan ta daina. Tun daga nan, in Baba ya watsa dawa da yamma, arewa yake kallo har tattabarun su cinye.

Da zazzaɓi ya kwantar da shi na je dubiya. Ya ce, "Sabo, sun dawo?"

"Duk sun dawo, Baba."

"Duka?"

Na ja masa bargo, na yi masa sallama.

Zazzaɓin nan ne ajalinsa. Bayan sadakar arba'in Inna Ladi ta ce in sayar da tattabarun. Na kai su Hanwa, amma hannuna ya kasa fige ko ɗaya. Kafin la'asar suna jere a kan katangar Baba.

Allah Ya jiƙan Baba Iro, Ya haskaka kabarinsa. Nura kuma, in yana raye, Allah Ya nuna masa hanyar gida.