Yadda Yayan Matata Ya Gyara Mini Bindiga

Malaman tarihi sun cika littattafai da labarin biranen da aka rushe da ɗakunan karatun da aka ƙona, amma a duk karance-karancena ban ga ɓarnar da ta kai wadda aka yi da kyakkyawar niyya ba. Irin wannan ɓarna na gani da idona a kan rufin wani gida a unguwar Waziriyya ta birnin Jidda, kuma ba zan manta da ita ba har ranar da za a sa ni a likkafani. Wadda aka yi wa ɓarnar kuwa tsohuwar bindigar iska ce ta harbin tsuntsaye.

A farkon shekarun tamanin ne, ina zaune a unguwar Ammariyya, ina koyar da 'ya'yan mutanenmu lissafi da Faransanci a gidajensu. A kasuwar gwanjo na tsince ta, cikin tarkacen fankoki, ƙirar Jamus, ta girme ni nesa ba kusa ba, tsatsa ta ci ta har ba a karya ta. Ga wanda bai san irinta ba, ba ta da albarushi. Karya ta ake yi a tsakiya, sai wani sifirin mai ƙarfi ya matse a ciki. In aka ja kunama, sifirin ya saki, ya tura fistin, fistin ya tura iska, iska ta fitar da ɗan harsashin dalma da bai kai ƙwayar masara ba. A bakin fistin ɗin akwai 'yar fata kamar ƙoƙo, ita ke hana iska zurarewa. Ran bindigar duka yana jikin wannan fata da wannan sifirin.

Na daɗe ina jinyarta. Da matsi irin na kafinta na kwance ta, domin sifirin in ya kufce yana iya fasa wa mutum haƙora. Na goge tsatsa a hankali, na shafa wa sifirin maiko siriri. Fatar ta mutu murus, don haka na aika gida Damagaram, wani maniyyaci ya zo mini da guntun kirgi mai kyau. Na yanka, na jiƙa da man ƙafar saniya, na ɗaure shi a kan itace har ya ɗauki siffa. Ranar da ta fara harbi, sauti ta yi ɗan ƙarami, tsaf, kamar an rufe littafi mai kauri. Duk Juma'a kuma sai na goge ta da tsumma, don iskar Jidda gishiri ce da ruwa, ƙarfe ba ya barci a cikinta.

Sai yayan matata ya zo aro. Haifaffen Jidda ne, bakanike a tashar jiragen ruwa, mai gyaran injinan ɗaga kaya. Shi ya samo mini kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo, shi ya yi ta zirga-zirga har iƙamata, takardar izinin zama, ta fito, kuma bai taɓa bari na manta ba. Yana kiwon tantabaru a rufin gidansa, hankaki sun dame su.

"Ya ustaz, ba ni 'yar bindigar nan taka in koya wa hankaki ladabi," in ji shi.

Na ce, "Yaya, tsohuwa ce, tana da sharuɗɗa. Kada a harba ta ba harsashi, kada a bar ta a ɗane. Abin da ya fi komai, kada mai ya shiga ramin iskar nan, ko ɗigo."

Ya yi dariya har yana dafa kafaɗata. "Ni za ka koya wa ƙarfe? Injin da nake kwancewa ya fi ɗakinka girma. Halas, kawo."

Na kawo. Wanda ya auri ƙanwar mutum, kuma yake yawo da takardar da mutumin ya samo masa, bakinsa ba ya iya furta a'a, ko da ya san ta a harsuna uku.

Makonni suka wuce shiru. Wata ranar Alhamis bayan la'asar ya aiko in zo in ga abin mamaki. Na hau rufin na tarar da shi da abokan aikinsa suna shan shayi a kan tabarma, surukata, mahaifiyarsa, tana gefe a kujera tana jan carbi. Ya shiga ɗakin tantabaru ya fito da wani abu ja. Sai da na dubi kunamar na gane bindigata ce. Ƙotar nan ta katako mai duhu, wadda na yi ta murza wa mai da tafin hannuna har ta yi sheƙi, ya kankare ta ya shafe da jan fentin da suke shafa wa gindin jirgi don tsatsa.

"Wannan ado ne kawai," in ji shi. "Tsaya ka ji aikin ciki. A da tari take yi kamar tsohuwa mai mura. Yalla, ku toshe kunne."

Ya karya ta, ya sa harsashi, ya ɗaga sama ya ja. Ta yi ƙara kamar bindigar soja. Hayaƙi shuɗi ya fito ta hancinta, warin garejin mota ya cika rufin. Tantabarun da ya aro ta don ya kare su suka watse gaba ɗaya, hankaki biyu a kan eriya ko motsi ba su yi ba. Abokansa suka hau mashallah, mashallah.

Na ce, "Yaya, me ka zuba mata?"

"Abin da muke wa kowane ƙarfe a tasha. Na tsoma ta a dizil ta kwana, sannan na ɗura mata baƙin mai ta wannan ramin da ka ce. Ƙishirwa ce ke damunta, miskina. Kai da ɗigo-ɗigonka kamar mai sa maganin ido."

Duk ɗalibin da ya zauna a aji ya san cewa iska in aka matse ta da sauri zafi take yi, kuma haka injin dizil ke kama wuta. Shi da ke kwana cikin injinan dizil ya fi ni sani. Ya mai da bindigata inji, kowane harbi gobara ce a kan fatar nan ta Damagaram. Na buɗe baki in faɗi haka, ya riga ya sake ɗana ta. Wannan karon bayan ƙarar sai aka ji wani ƙaras a ciki, kamar an taka busasshen ƙashi. Ya girgiza ta kusa da kunnensa, tana kacau-kacau.

"Ka gani? Ƙarfen da ne, ya gaji. Gara da ya karye a hannuna, ba a naka ba."

A lokacin jawabi cikakke ya taso mini, mai gabatarwa da hujjoji da kammalawa, har da kalmomin da malami bai kamata ya sani ba. Na juyo, sai idona ya faɗa kan surukata. Ta dakata da carbi ta ce, "Ɗana, yayanka bai yi barci ba saboda kayan nan naka. Ka sa masa albarka."

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya." Har yau in na tuna wannan jimla sai na ji ɗacinta a harshena.

A gida na kwance ta a kan jarida. Sifirin ya fito guntu-guntu, fatar ta ƙone ta dunƙule kamar ganda da aka manta a wuta, cikin bututun duk baƙar toka. Matata ta leƙo ta ce, "Ai fentin ya yi kyau." Na zaga shagunan Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, na aika har Makka, ban sami sifirin da ya yi daidai da ita ba. Wanda na samu na sabuwar ƙira ne, in ka harba sai ta yi tsalle kamar jaki. Ba ta ƙara yin sautin nan na rufe littafi ba. Shi kuwa har ya yi ritaya yana ba da labarin a wurin ɗaurin aure, yadda ya tayar da matacciyar bindigar ustaz har unguwa ta ɗauka 'yan sanda ne.

Abin da na koya shi ne, mugu ana iya tsare masa ƙofa, amma mai son taimakonka da abin da ba ka roƙe shi ba, sai ka koyi ce masa a'a tun a bakin zaure, ko shi wane ne, ko me ya taɓa yi maka. Na riƙe wannan darasi, na koyar da shi ga ɗalibaina da 'ya'yana, kuma ina ba duk mai karanta wannan shawarar ya riƙe shi.

Bayan babbar sallah ya zo aron rediyona, na ba shi.