Abuja a kan buhunan dankali

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga tashar Laranto, sanyin Jos na ratsa ni duk da rigar sanyi biyu. Motar sabuwar bas ce ta abokina, wanda muka zauna benci ɗaya a firamare. Ni na tsaya a kan keken ɗinki a Rikkos. Shi kuwa ya yi achaba, ya yi tasi zuwa Bauchi ta karye, ya yi hayar kekuna aka sace su. Duk faɗuwarsa nakan je jaje, na dawo gida da wani sanyi a zuciya, Allah Ya yafe mini. Ga shi yanzu da bas huɗu, yana kai mutane Abuja a rabin kuɗin tasha.

Ba yawo ya gayyace ni ba. So yake na ɗinka rigunan kujerun motocin duka, na ba shi amsa in mun dawo. Gwanjo ya kashe mini kasuwa, ina bukatar aikin. Amma yaran tasha "Oga" suke ce masa, kuma in na karɓa na shiga sahunsu.

Tun daga Bukuru nake neman aibu. A Riyom na gano sirrin arahar: bayan motar da ƙarƙashin kujeru maƙil suke da dankalin Turawa da kabeji. Kayan ne ke biyan mai, mu fasinjoji gyara ne. Ƙafafuna na kan buhu, gwiwa a haɓa. Na ce wa abokina, "Wannan lodi a Hawan Kibo? Kana tsoron Allah kuwa?"

Ya yi dariya. "Tela, har yanzu kana nan da tsoronka? Kai ko allura sai ka yi mata addu'a."

Kafin gangaren ya sa direba ya tsaya, ya shiga ƙarƙashin mota da farar shaddarsa ya duba birki da kansa. Muka sauka a hankali kamar masu rakiyar gawa. Na karanta duk abin da na haddace, wata mata mai kwandon tumatir a gefena tana kiran Yesu, muka haɗa ƙarfi. Ba abin da ya faru. Har kunya na ji da na lura raina bai so hakan ba.

A Akwanga aka ci gasasshiyar doya da manja. Tsada kamar a Makka aka nomo ta, shi ya biya wa kowa. A Nyanya, bakin Abuja, mata 'yan kasuwa suka yi wa motar caa, kafin na miƙe ƙafa an kwashe dankalin.

Washegari muka juyo da katan-katan na taliya a madadin buhuna. Wajen Keffi na kama kaina ina auna kujerar gabana da taƙi, ina lissafin yadi.

Muna isowa Laranto ya ce, "To, Tela?"

Na ce, "Shuɗi za a saya, ba ya nuna datti." Ogan dai ya ƙi fita daga bakina, shi ma bai nema ba.

Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, ni na yi dakon takin har Abuja na dawo da shi, kyauta. Ranar Litinin zan fara yanka.