Motar da Ba Ta Shan Esanshi

Filin da mahaifinmu ya bar mini a Damagaram na sayar na sayi motar. Ba don ƙwalisa ba, ko da yake haka abokan aikina suka ɗauka. Mahaifiyata, Inna, ƙodarta ta daina aiki, sau biyu a mako sai an kai ta wankin jini a wani asibiti da ke hayin kogi, mu kuwa a unguwar Saga ta Yamai muke zaune. Shekarar da esanshi ya yi wuya na taɓa shan rana a layin gidan mai tun hantsi har la'asar, Inna na kwance gida ƙafafunta sun kumbura. Ranar na rantse ba zan ƙara jingina ranta da layin mai ba.

Wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi ne ya shigo da ita, ƴar ƙarama fara, an ɗan hau ta. Ya ce in jona ta a bango kamar waya, shi ke nan. Bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa ba, ni ma kuma ban tambaya ba don wauta, shi ne me za ta sha in bangon ba wuta.

Ba wannan kaɗai ba ne na kasa hangowa. A unguwarmu mai mota ba shi kaɗai ke da motarsa ba. Mai naƙuda, mai biki, mai gawa, duk ƙofarka za su buga. Da tsohuwar motata ina da mafaka: in na ce babu esanshi, kowa ya gane, ko ya kawo lita biyu a kwalba ko ya haƙura. Da sabuwar ta zo sai labari ya zaga cewa ba ta shan komai. Na rasa abin fakewa. Ta yaya zan bayyana wa tsoho cewa abin da ba a gani, ba a zubawa, shi ma yana ƙarewa?

Wata Talata ce cikin tsakiyar bazara. Tun Litinin wuta take wasa da mu, ta zo awa guda, ta tafi awa biyar. Da safe na duba, batir bai kai rabi ba. Ya ishe mu zuwa asibiti da dawowa, da ɗan saura. Ƙarfe biyu aka ba Inna, kuma injinan wankin jinin kaɗan ne, masu jira da yawa. Wanda ya makara, a ba na bayansa.

Ina rufe motar sai ga maƙwabcinmu, dattijo Bazabarme mai noman shinkafa. Shi ya ba mu ɗaki muka fara zama da muka zo Yamai, shi ya wanke gawar mahaifina. Baba nake ce masa.

"Fofo, ɗana. Jibi sunan jikata ne. Ka kai ni Petit Marché mu ɗauko kayan miya, yanzu mu komo."

"Baba, yau ranar Inna ce, kuma wutar kuran ba ta zauna ba."

Ya yi dariya ya dafa motar. "Wannan da ba ta shan komai? Kahin azahar mun komo."

Na buɗe masa ƙofa, ina jin haushin kaina tun kafin in tayar.

Kayan miyar suka zama buhun albasa, da mai, da biyawa gidan ƙanwarsa a ɗauko tukwane, da biyawa wurin mai rago. Shi yana ba ni labarin shinkafar bana, ni idona na kan lambar batir tana sauka ɗaya bayan ɗaya. Muka dawo sha biyu ta wuce. Na jona ta a bango da sauri. Ƙwan fitilar zaure a mace yake.

Na zauna gabansa ina kallo. Ban taɓa roƙon Allah a kan ƙwan fitila ba sai ranar. Ɗaya ta yi, ɗaya da kwata. Na leƙa wurin maƙwabci mai gurup, wato janareta, ƙaramin injinsa ko firji da ƙyar yake ja. Taksi kuwa a lungunmu da tsakar rana, sai dai a yi mafarkinsa. Na ce a raina ƙila ta kai mu.

Na ɗauko Inna na zaunar da ita a baya. Na kashe sanyin motar don in tattala abin da ya rage, na sauke gilasai, iska mai zafi kamar daga bakin murhu tana shigowa. Ina tafiya a hankali har masu amalanke suna hararata. Numfashin Inna kawai nake ji.

A Gaweye motar ta tsaya, ana hangen gada. Ba ta yi tari ba, ba ta yi gargada ba, shiru kawai ta yi.

Kafin in fito wani mai sayar da esanshi a bakin gudoro, babban titi, ya sheƙo da kwalba da mazurari, yana zagaya motar yana neman inda zai zuba. Wasu maza uku suka taso suna cewa in shiga su tura ta tashi. Mutanen kirki ne, duk taimakon da garin nan ya iya shi suka kawo mini, kuma babu ko ɗaya da zai yi amfani. Na daka musu tsawa kamar su suka yi mini laifi. Har yau ina jin kunyar wannan.

Taksi huɗu suka wuce a cike. Ƙarshe wani mai babur ya tsaya. Inna, wadda ta haura saba'in ba ta taɓa hawa babur ba, muka ɗora ta a tsakiya, ni a baya na rungume ta. A kan gada na ji yadda ta rame, duk da kumburin. Na yi kuka, iska ta bushe shi.

Mun makara da kusan awa. Wata mata ce kwance a kan injin, ita ma uwar wani ce. Ma'aikaciyar ta duba takarda ta ce sai Alhamis da safe.

Laraba Inna ta wuni zaune, jingine da bango, don in ta kwanta numfashi ba ya fita. Wuta ta zo da rana, na jona motar da aka jawo mini gida, na zauna kusa da ita ina gadi. Da la'asar Baba ya yi sallama. Baƙin suna ne suka sauka a tasha, tsofaffi, yana so in ɗauko su.

Na ce, "Baba, ba zan je ba."

Ya dube ni, ya dubi motar, ya gyara hularsa ya fita. Daga ɗaki na ji muryar Inna, kalma ɗaya, hutu, kalma ɗaya: "Bi shi. Kada ka ba ni kunya."

Ban bi shi ba. Alhamis, ana shirin yanka rago a gidansa, na kai Inna asibiti da wuri, ta samu injinta. Ba ta yi mini magana ba sai da muka hau gada a hanyar dawowa.

"Ranar da zan tafi," ta ce, "motarka ba za ta ɗauki makarata ba. Su za su ɗauka."

Baba yana amsa gaisuwata har yanzu, amma bai ƙara buga ƙofata ba, kuma babu wanda ya ƙara bugawa. Motar ta zama tawa ni kaɗai, kamar yadda na so. Gobe Talata ce, ƙwan zaure a mace yake tun safe, kuma ban san ƙofar wa zan buga ba.