Minti Biyar na Muryar Baba Malachi

Kai da kake karanta wannan, sau nawa ka tura hoton mutumin nan mai takardar riyal manne a goshi, baki buɗe, ido rufe, duk sanda wani ya faɗi abin dariya a zaurenmu na WhatsApp? Ka taɓa tambayar sunansa? Sunansa Malachi Gado, mutumin Kagoro. Ya rasu ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, da hantsi, a wani asibiti a nan Doha, bayan jinyar kwana biyu ta ciwon zuciya. Shekararsa hamsin da huɗu. Sanarwar da ƙungiyarmu ta 'yan gida ta fitar layi uku ce, ta ce mai gyaran AC ne. Ba ƙarya aka yi ba, shekara goma sha huɗu yana gyara mana sanyi. Amma mawaƙin opera ne, kuma duk cikinmu babu wanda ya kai shi sanin abin da ya iya. Ni Garzali, mai gadin da kuka sani da baki, ni zan faɗa, tunda kun yi shiru.

Baba Malachi, ban san ko ka tuna ranar da muka haɗu ba. Ina duti a wani bene a Al Asmakh, da azahar, sai na ji wani rugugi daga ƙarƙashin ƙasa, inda ake ajiye motoci. Na ɗauka bututu ne ya fashe. Na sauka da gudu, sai ga ka tsaye tsakanin motoci biyu, kayan aiki a jikinka, sifana a hannu, kana fitar da wata murya da ta sa na ji ƙirjina yana rawa. Na ce maka nan ba coci ba ne. Ka kalle ni ka ce, ai kuwa ba masallaci ba ne, don haka mu duka baƙi ne, in samu wuri in zauna. Na zauna a kan wata tsohuwar taya. Shekara uku ke nan, ban tashi ba.

Kai ka gaya mini mene ne opera, don ni a waya kawai nake tsintar karatuna, ba wanda ya taɓa zaunar da ni. Ka ce wasan kwaikwayo ne da ake rera shi daga farko har ƙarshe, kuma mawaƙinsa ba ya riƙe makirufo. Makaɗa sittin suna gabansa, dole muryarsa ta tsallake su ta isa kujerar ƙarshe, da ƙarfin numfashi kawai. Ka ba ni labarin yadda ka fara a ƙungiyar mawaƙan cocinku, ka je Legas, wata malama ta ji ka, har ka samu wata takwas a Italiya. Sannan ka gaya mini abin da ba ka gaya wa kowa: an ba ka wani matsayi a wasa wanda ya fi ƙarfin muryarka sama, ka san ba naka ba ne, amma ka ji tsoron kada in ka ƙi a daina kiranka. Ka karɓa. Maƙogwaronka ya ji rauni, shekara biyu ba ka iya waƙa, kafin ka warke an manta da kai. Ka dawo gida ka koyi gyaran AC.

Ranar da na ce ina so in koya, ka yi dariya har ka dafa mota. Ka ce mai faɗa irina ya riga ya samu rabin aikin, tunda huhuna ya saba. Daga nan kowace Juma'a da safe, ranar hutunmu, muna ƙarƙashin benen nan. Wata uku ba ka bar ni na rera komai ba. Kwanciya kawai nake a kan kwali, ka ɗora mini akwatin kayan aikinka a kan cikina, ka ce in ɗaga shi da numfashi.

Na rubuta abin da kake faɗa a bayan littafin baƙi na wurin gadi, yana nan. Ka ce murya mai kauri ba ta nuna sai mutum ya doshi arba'in, don haka in daina ƙirga watanni. Ka ce kalmar da ta fi kowace amfani ga mawaƙi ita ce a'a, kuma kai ka koye ta bayan ta daina yi maka amfani. Ka hana ni rera kalmar da ban san ma'anarta ba, shi ya sa yau mai gadi ɗan Funtuwa yake da kalmomin Italiyanci ɗari huɗu a kansa, ba shi da wanda zai gaya wa. Ka ce in an kira ni gwajin murya sau goma aka kore ni, in je na sha ɗaya da riga mai guga, in gaishe da mai jan labule kamar yadda zan gaishe da shugaban makaɗa, don shi zai fi daɗewa a gidan. Ka ce in riƙe sana'ar hannu, domin mawaƙi mai yunwa ba ya iya cewa a'a. Kai da kake cin abinci da AC, a ɗakinku na Mansura kullum faɗa kuke da mutane biyar a kan a rage shi, kana kwana da jiƙaƙƙen tawul a kan ƙarfen gado, wai iskarsa tana busar da maƙogwaro.

Doka ɗaya ka kafa mini da ban so ba: kada in ɗauki muryarka a waya. Ka ce wurin ajiye motoci yana yi wa murya ƙarya, yana ƙara mata girman da ba nata ba, kuma ba ka so a tuna da kai da ƙarya. Na bi dokar. Yau ina cizon yatsa.

Yanzu ga laifina, kafin in zo kan na 'yan ƙungiya. Ni na matsa maka ka yi waƙa a taron ƙungiya na watan Oktoban 2023, a zauren da aka kama a Mesaimeer. Wata biyu ina damun ka. Na ce mutanenka ne, su ma su sani. Ka yarda da sharaɗi biyu, kuma a gabana ka faɗa wa Iliasu, sakataren ƙungiya, wanda shi ne mai gabatarwa ranar: ba makirufo, kuma kada a katse ka, minti shida kawai. Ya ce khalas, an gama.

Ka sa baƙar kwat ɗin da ka zo da ita daga Italiya. Waƙar wani tsoho ce da ya yi shekaru bai ga 'yarsa ba. Ba wanda ya ji kalma ɗaya a zauren, amma na rantse, minti biyar ba a taɓa cokali ba. Na ga direbobi sun ajiye waya. Na ga wata nas tana goge ido da bakin gyalenta. Ina tsaye a baya, kusa da ƙofa, kujerar ƙarshe ke nan, kuma muryarka ta iso ni cif.

Sai Iliasu ya ga shiru ya yi yawa. A wurinmu shiru a taro alamar an gaji ne, kuma mawaƙin da ya gama ba a yi masa liƙi ba an kunyata shi. Na yarda da wannan, na san ba da mugunta aka fara ba. Ya taho da makirufo ya kai bakinka, lasifika ta yi ƙara kamar an taka kyanwa, ya raɗa maka ka sa sunan shugaba a ciki. Shugaban, Alhaji Uwais, ya miƙe da babbar riga, ya manna maka riyal a goshi. Wasu suka biyo baya, mai kiɗa ya saki ganga, zaure ya ɗauki shewa da dariya. Ka yi ƙoƙarin riƙe numfashin ƙarshe, idonka a rufe. Wannan ne hoton da kuke turawa. Sannan ka tsaya, ka sunkuyar da kai kamar yadda aka koya maka, ka cire takardun ɗaya bayan ɗaya ka ajiye a kan tebur, ka fita.

Na same ka a tashar Metro. Ina ta zagi, kai kana kallon layin dogo. Da na gaji ka ce, “Garzali, ba su yi laifi ba. Na sake karɓar abin da na san ba nawa ba ne.” Daga ranar ba ka ƙara rera waƙa cikakkiya ba, ko a ƙarƙashin bene. Koya mini kawai kake, kana buga lokaci da sifana a jikin ginshiƙi.

Juma'a biyu ke nan ina sauka can ni kaɗai. Ina kwanciya a kan kwalin, ba akwati a cikina. Na gwada rerawa, ba wanda zai ce in sassauta haɓa. Masu share wurin suna wucewa, ba sa tambaya.

Ranar Lahadi 'yarka Vanessa ta kira ni daga Kafanchan. Shekararta sha tara, tana da biyar ka taho Doha. Ta ce duk zuwanka hutu ba ka taɓa yi musu irin waƙar ba, kana cewa sai ranar aurenta. Ta ce, “Kawu, kana da muryarsa? Ko kaɗan ne.” Na ce ina nema. Sannan ta ce wani ya turo mata hoton nan mai kuɗi a goshi, shin abin da babanta yake yi ke nan a Qatar?

Akwai bidiyon taron nan. Kyamarar ƙungiya tana kan ƙafafunta uku tun kafin ya hau, na gan ta da idona. Daga cikinsa aka yanko daƙiƙa arba'in na dariya aka watsa. Minti biyar na farko su ne kaɗai muryar Malachi Gado da ta rage a duniya, ba makirufo, ba ƙarya. Sau uku na tambayi Iliasu a keɓe. Na farko ya ce zai duba, na biyu ya ce ya canja waya, na uku ya turo mini hoton nan da kansa, wai wasa yake.

Baba, na bar ka a hannun Allah da ya halicci wannan murya, Shi ne mai rahama, Shi ya san abin da ka haɗiye. Allah Ya ba ka hutun da Doha ba ta ba ka ba. Mama Liatu matarsa, Vanessa, da dukan dangi a Kagoro da Kafanchan, ina yi muku ta'aziyya. Ubangiji Ya ta'azantar da ku, Ya tsaya muku, Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mijinki, babanki, bai taɓa zama abin dariya ba. Mu ne ba mu iya sauraro ba.

Malam Iliasu, Alhaji Uwais, ba na neman ku ba da haƙuri, wanda za ku ba ya tafi. Kada kuma wani ya kira ni gefe ya ce in bi a hankali, na bi sau uku. A nan zauren WhatsApp, inda aka yi dariyar, nan nake son amsa, kowa yana gani. Minti biyar ɗin suna nan, ko kun goge? In suna nan, ga lambar Vanessa a wurina. In kun goge, ku rubuta haka da sunanku, ni zan kira ta in gaya mata.